Murmushin Marigayiya a Bakin Mutane

Akwai wani likitan haƙori da abokansa ke wa laƙabi da Sha-Yanzu. Hannunsa na da kyau, sai dai mutum ne mai ganda. A asibitinsa akwai na'urar da ke ɗaukar hoton fuska da cikin baki ta zuba a kwamfuta, sannan likita ya zauna ya tsara haƙoran da za su dace da leɓe da muƙamuƙin mai su. Zaman nan ne ba ya so.

Sau ɗaya ya taɓa zage damtse, a kan wata malamar makaranta. Ya tsara mata haƙora masu 'yar wushirya, ya bar fiƙa ɗaya a ɗan karkace yadda Allah ya halicce ta. Aikin ya yi kyau har ana nuna ta. Ba a jima ba ta rasu a haɗarin mota, murmushinta ya rage a cikin kwamfuta.

Tun daga nan, duk wanda ya zo sai likita ya ɗauki hotonsa don ganin ido, ya ɗora masa tsarin marigayiya. In wani ya ce haƙoran sun matse shi, sai ya yi dariya ya ce, "Sabon takalmi ma sai ya ci ƙafa. Za ku saba."

Wata safiya ɗakin jira ya cika da masu ciwon muƙamuƙi, kowa ya dafe kunci. Sai ga wata tsohuwa ta shigo. Ba ta zauna ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa bakinsu, har likita ya fito.

"Iya, lafiya? Haƙori ne?"

"Ɗana, ni ce uwar malamar nan da ta rasu," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na gan ta a kantin magani, na ce idona ne. Na shiga mota, direba ƙato mai gemu ya juyo ya yi mini dariya da bakin 'yata. Wannan fiƙar, ni na san ranar da ta fito. Mutum nawa ka raba wa ita?"

Wani tela ya buɗe baki a hankali, ya dubi matar da ke kusa da shi. Ita ma ta buɗe. Haka suka yi ta yage leɓe suna kallon juna, wushirya ɗaya, fiƙa ɗaya, babu mai dariya. Daga nan duk suka juyo ga likita.

Hukuma ta ƙwace lasisinsa, aka rufe asibitin. Waɗansu an gyara musu, waɗansu kuwa an riga an fiƙe haƙoransu na asali, haka za su zauna. Har yau likitan yana nan cikin gari. In ya fita, kansa a sunkuye yake, domin bai san bakin da za a gaishe shi da shi ba.

Darasi: Wanda ya miƙa maka jikinsa amana ya ba ka. Kowane mutum da irin halittarsa, kuma na'ura, komai ƙwarewarta, ba ta ɗauke wa rago nauyin aikinsa. Ha'incin da ka ɓoye a bakin mutane, ranar da suka buɗe baki zai fito.