Famfon da Tanimu Ya Cire Daga Motarsa

Yau a kan butulci zan yi magana, irin na mutumin da za a tsaya masa a hanya, shi kuwa da ya samu kansa sai ya wuce. Na baya, ku bar hira ku saurara.

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun ba a shimfiɗa kwalta ko'ina ba, sunansa Tanimu. Direban babbar mota ne mai shan gas, tsohuwa ƙwarai. Tumatirin manoman fadama yake kai wa kasuwar kudu. A tasharsu akwai wani direba, Kallamu, wanda bai kai shi shekaru ba, motarsa ta fi kyau, bakinsa kuma ya fi kaifi. Kullum sai ya ce, "Yaya Tanimu, wannan tsohuwar taka ai sai an yi mata tofi take tashi."

Tanimu ya yi dariya ya ce, "Tana dai kai ni."

Wata rana suka yi lodi tare, suka kama hanya tare. To, al'adar direbobi ce, in kun tashi tare, tare za ku sauka, ba a barin abokin tafiya a daji. Tumatir kuwa kun san halinsa, ba ya jiran kowa. Kuma kayan ba nasu ba ne, amanar manoma ce.

Rana ta take, suna tsakiyar daji, sai motar Kallamu ta yi tari, ta fizga, ta mutu. Tanimu yana gaba. Ku lura fa, yana gaba, kasuwa tasa ce. Ya duba madubi bai ga abokinsa ba, sai ya juyo.

Da suka buɗe gaban mota suka ga ɓarnar. Ashe Kallamu ya sha gas na jarka a bakin hanya, an gauraya shi da ruwa. Filta ta toshe. Ɗan famfon hannu da ake dannawa don jawo mai, robarsa ta yage, iska yake zuƙa. Motar gas kuwa, in iska ta shiga hanyar mai, ko za ka kwana kana murɗa makulli ba za ta tashi ba.

Tanimu ya ɗauko sabuwar filta, ita kaɗai gare shi, ya shafa wa robarta mai, ya ɗaura. Saura famfo, babu wani. Sai ya ɗauki sifana ya nufi motarsa, ya kwance nasa.

Kallamu ya ce, "Yaya, kai fa?"

Ya ce, "Ba ni naka yagaggen, zan yi masa faci da robar tiyub. Tsohuwa ta saba da faci."

Aka ɗaura. Tanimu ya sassauta notin da ke kan filta, ya ce, "Danna." Kallamu yana danna famfo, kumfa tana fita. Yana dannawa, kumfa tana fita.

"Yaya, ya isa haka, bari in buga ta."

"Kumfa ce har yanzu. Danna."

Sai da mai ya fito tas yana bin hannun Tanimu har gwiwar hannu, sannan ya ɗaure noti. Aka buga, mota ta tashi. Tanimu ya ce, "Kada ka sa giya, ƙanena. Ruwan yana nan kwance a ƙasan tankinka, sai mun tsiyaye shi. Bari in haɗa tawa, ka zo ka danna mini kamar yadda muka yi."

Kallamu ya ce, "To, Yaya."

Ya ce to! Ku riƙe wannan, ya ce to. Tanimu ya sunkuya cikin injin motarsa ke nan, sai ya ji an taka mai. Ya ɗago kai, sifana a hannu, yana kallon bayan motar Kallamu tana tafiya da famfonsa da filtarsa. Bai yi zagi ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya kai ka lafiya."

Shi kaɗai ya yi facin. Shi kaɗai ya yi ta danna yagaggen famfo, ya zagaya ya duba noti, ya dawo ya danna, har babban yatsansa ya yi bororo ya fashe. Ruwan tumatir yana ɗiga daga kwanduna yana kallo. Sai la'asar tsohuwa ta amsa.

Can gaba, a gindin wani hawa, ga motar Kallamu tsaye. Ruwan nan ya sake shaƙe ta. Don gaggawa sai Kallamu ya cire filtar gaba ɗaya, ya haɗa tiyo kai tsaye, ruwa da datti suka shige cikin inji. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu.

To ku faɗa mini tsakaninku da Allah, cikinku wa zai taka birki? Tanimu ya taka. Ya sauko da gorar ruwa ya ce, "Sannu, Kallamu. Ka sha ruwa kuwa?" Ya leƙa injin, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin sifana. Hau mu nemo bakanike." Duk tsawon hanya Kallamu yana kallon taga, Tanimu yana yi masa hirar damina.

Rabin kayan Tanimu zubarwa aka yi. Ya je gaban manoma ya ce shi ya zaɓi ya tsaya a hanya. Wasu suka gaya masa baƙar magana, ya shanye, bai ambaci sunan kowa ba.

Kallamu kuwa kunya ta hana shi buɗe baki. In ya hango Tanimu a tasha sai ya sake hanya. Har masallaci ya canza. Kullum yana cewa gobe zan je in ce ya yafe mini, gobe zan je. Yana cikin goben nan aka yi shelar rasuwar Tanimu. Kallamu ya tsaya a sahun jana'iza yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutane suna mamaki, don ba su san me ke tsakaninsu ba.

Jama'a, babu wanda ke zaune a nan da wani bai taɓa kwance nasa ya ɗaura masa ba. Wata uwa ce, wani maƙwabci ne, wani abokin sana'a. In kun tashi, ku jira wanda ya tashe ku. In kuma kun riga kun wuce, ku koma yau tun yana numfashi.

Ku ƙirga abin da Kallamu ya rasa. Inji ya tafi. Tumatirin bayin Allah ya ruɓe a gindin hawa, ko kwando ɗaya bai kai kasuwa ba. Manoman fadama ba su ƙara ba shi lodi ba. Mutumin da ya juyo dominsa a daji an binne shi. Kalmar "na yafe" kuwa, wadda da ya tambaya da an ba shi nan take, bai taɓa jin ta da kunnensa ba.