Famfon Makarantar Shehi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya azurta mu da Shehinmu, masani mai tsantseni, mai yawan azumi da ƙarancin magana, Allah Ya ƙara masa yarda. Shi ya kafa makarantarmu, kuma abin da ya fi nanata wa malamanta shi ne kada a cusa wa yaro abin da ba a tabbatar ba, domin imanin da aka ɗora kan jita-jita ba ya jure tambayar yaro.

Akwai malamin kimiyya cikin almajiransa, ana ce masa Dogo, mutum mai zafin ƙaunar Shehi. Wata shekara magana ta bazu cewa famfon tsakar makaranta, inda Shehi ya saba alwala kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi a ɗaki, ruwansa na warkar da kowace cuta. Mata suka yi ta tururuwa da jarkoki, Dogo ma ya ɗiba ya ɗura wa autarsa da ke fama da zazzaɓi, sannan ya faɗa ɗakin Shehi bakinsa har kunne.

"Allah gafarta Malam, gari ya ɗauka! Gobe zan sanar da ɗalibai karamarka."

Shehi ya ajiye carbinsa ya ce, "Ka ji ne, ko ka gani?"

"Na ji ne, Malam."

"Kai ne ke koya musu su gwada kafin su yarda. Ku duba ruwan a ɗakin gwajinku, sannan ku tona gindin katangar gabas."

Dogo ya tara ɗalibai, suka ɗiga ruwan ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu, sai ga ƙwayoyin cuta suna ta wutsil-wutsil. Yara suka kaure da ihu, kowa na ture ɗan'uwansa don ya leƙa. Suka ruga gindin katanga da fartanya, ba su yi nisa da tono ba suka tarar bututu ya tsage, ruwan kwata na tsiyaya ciki, a daidai wurin da Shehi, wanda bai taka tsakar makarantar ba tun bara, ya ambata. Nan take aka ɗaure famfon.

Sai Dogo ya tuna abin da ya shayar da 'yarsa, ya fita a guje. Ya tarar da ita a gida ta sanƙare, uwarta na kuka, ya saɓo ta zuwa ƙofar Shehi yana ta salati.

Shehi ya ɗora tafinsa a goshinta, leɓɓansa na motsi, ya ce, "Kai ta asibiti, ni kuma zan roƙa."

Subhanallah! Suna zaune a bencin jiran likita yarinyar ta buɗe ido, gumi ya karyo mata, ta ja gemun ubanta ta ce, "Baba, yunwa nake ji." Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce bai ga abin da zai kwantar da ita a kai ba. Dogo ya dawo da gudu, takalminsa a hannu.

"Wannan kam da idona na gani, Malam! In faɗa wa yara?"

Shehi ya yi murmushi. "Faɗa musu abin da ka gani, kada ka ƙara masa gishiri. Yadda aka yi ta warke kuwa, ka ce musu ba ka sani ba. Su ji malaminsu ya faɗi haka, shi ma karatu ne."

Allah Ya ja kwanan Shehinmu, Ya yayyafa mana albarkar iliminsa, Ya sa 'ya'yanmu su tashi masu gaskiya, amin.