Tagogin Sarki Shitu

An yi wani sarki a wata ƙasa mai yawan alƙaryu, ana ce masa Shitu, wanda ba ya yarda kowa ya rubuta masa umarni, sai dai ya zauna gaban kwamfutarsa ya rubuta da kansa. Sai dai duk takardar da ya buɗe ba ya rufe ta, har tagogin takardun suka taru a allon kwamfutar, wannan bisa waccan, hukunci a kan ta'aziyya, ta'aziyya a kan maganar rijiyoyi.

Wata safiya Malam Barau, dagacin Kurmin Dawa, ya faɗi gaban sarki da takarda a hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiya muka roƙa, sai ga umarni wai mu tashi daga garinmu cikin kwana bakwai. Har wasu sun fara rushe ɗakunansu."

Waziri Gambo ya karɓi takardar, yana karantawa sai ya gane umarnin na masu saran itace ne da suka kafa sansani a gandun daji, sunan ƙauyen kuwa daga tagar maganar rijiyoyi ya shigo bisa kuskure.

Da ya bayyana wa sarki haka, sai sarki ya ce, "Waziri, laifin wa ke nan? Na na'ura ko nawa?"

Gambo ya san fadawa jira suke ya ɗora wa na'ura. Ya dubi Malam Barau da ke durƙushe, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na'ura ba ta da niyya, saboda haka ba ta da alhaki. Kai ne ka tara dukkan al'amuran ƙasa a zaure guda. Amma in ka yi mini izini, akwai magani."

Sarki ya yi masa nuni da ya matso. Gambo ya raba allon zaure uku, ya kai takardun shari'a zaure na farko, ayyukan jama'a na biyu, wasiƙun zumunci na uku, ta yadda in an shiga ɗaya sauran ba sa bayyana. Ya ce, "Kada ka bar zaure sai ka gama da wanda ke cikinsa."

A ranar sarki ya tafi Kurmin Dawa da kansa, ya tarar an riga an rushe gida biyu. Ya nemi gafarar masu su a bainar jama'a, ya sa aka sake gina musu, aka kuma haƙa rijiyar.

Da suka komo, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Gambo, ya ce, "Ku shaida, mai mulkin da ya raba hankalinsa ga kowa a lokaci guda bai saurari kowa ba, adalci kuwa daga sauraro yake farawa."