Sanyin Da Bai Kai Ɗakin Inna Ba

Akwai wani maigida a wani gari mai zafi, wanda Allah ya buɗa masa bayan doguwar wahala. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, ita kuwa gwauruwa ce da ta yi renon 'ya'yanta da surfe da aikin gonar mutane. Da hannunsa ya yi ƙarfi sai ya gina gida, ya ce a ransa, "Matar nan ta sha rana domina. Muddin ina numfashi ba za ta ƙara shan zafi ba."

Ya sa aka kafa babban injin sanyi a bayan gidan. Daga injin aka ja bututu mai faɗi, aka bi da shi ta cikin silin, a ƙarƙashin kwano, ya yi rassa, kowane reshe yana sauke iska a ɗaki ɗaya ta wata 'yar taga mai raga. Ɗakin uwar shi ne na can ƙurya, inda hayaniyar yara ba ta kaiwa, don haka reshensa ya fi kowanne tsawo, gaɓoɓinsa kuma sun fi yawa. Ranar da aka kunna injin, maigidan da kansa ya tsaya a ɗakin ya ɗaga hannu, ya ji sanyi yana sauka. Ya yi murna ƙwarai, ya tafi ƙauye ya ɗauko tsohuwa.

Kwanci tashi, kwano ya yi zafi da rana ya huce da dare, bututu yana miƙewa yana takurewa, har danƙon da aka liƙe wata gaɓa da shi ya bushe ya tsage. Ruwa in ya yi yoyo yakan bar shaida a bango, amma iska ba ta ɗiga, ba ta jiƙa komai. Sanyin da aka aiko wa tsohuwa ya riƙa tsiyayewa a cikin silin, babu wanda ya sani.

To, kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta sakin jiki da shi, balle ta buɗe baki ta ce masa ga abin da ke damunta. Shi ma ɗan, don ladabi, ba ya kutsawa ɗakinta. Kowace safiya, kafin rana ta ɗaga, yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji ta, tana kallon gefe.

"Ɗakin da sanyi dai ko?"

"An gode Allah. Allah ya yi albarka."

Sai ya miƙe ya tafi kasuwa da farin ciki. Da asuba kuwa ko ɗakin tuya da sanyi, amma wannan bai taɓa faɗo masa a rai ba.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Tsohuwa ta aika a sayo mata maficin kaba. Maigidan ya yi dariya, ya ce, "Inna da son kayan ƙauye! Ga inji, ga mafici." Ta sa aka ajiye mata tulu a ɗaki. Ta fara fitowa da tsakar rana tana zama a gindin mangwaro, ita da ba ta son hayaniya. Duk ya gani da idonsa, ya ce sabo ne. An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mutumin nan yana da hankali sosai a kasuwa, ba wanda ya isa ya cuce shi a awo, amma a cikin gidansa bai gane ba.

Wata rana matarsa ta ce masa, "Maigida, na kai wa Inna abinci, sai na ji kamar ɗakinta bai kai namu sanyi ba. Ga ƙurajen zafi duk sun feso mata a wuya."

Ya tashi nan da nan, domin ba mai sakaci ba ne a ganinsa. Amma ina ya nufa? Bayan gida, wurin inji. Ya ji yana ruri, ya ce lallai ya yi wa gidan kaɗan. Kafin mako ya ƙare ya sa an cire shi, an kafa wanda ya fi shi girma. Maƙwabta suka zo kallo suna cewa, "Kai, kowa ya haifi irin wannan ɗa ya huta." Falo ya yi sanyi har yara suna neman bargo. Can cikin silin kuwa, ƙarfin sabon injin ya ƙara buɗe tsagar.

Washegari ya durƙusa a bakin ƙofa yana murmushi. "Inna, yanzu fa?"

Tsohuwa ta ji irin ɗawainiyar da aka yi dominta. Da wane baki za ta ce bai yi ba? Ta ce, "Ya yi. Allah ya ba ka masu yi maka."

Daga nan jikinta ya soma yin rauni. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, ƙafafu suka kumbura. Rannan ta kira surukarta ta ce a faɗa wa yaron nan tana so a mayar da ita ƙauye, wurin autarta. Maganar ta soki maigidan. Ya ce wa matarsa, "Me na rage ta da shi? Wane ɗa ne a garin nan ya yi wa uwarsa abin da na yi?" Ya ɗauke ta a mota da fuska a ɗaure har suka isa ƙauye. Ya sauke ta, ya juyo a ranar, ko kwana bai yi ba.

Kafin ruwan fari ya sauka aka aiko masa ta rasu.

Ban ce zafi ne ya kashe ta ba, rai a hannun Allah yake. Amma na san bazararta ta ƙarshe a duniya cikin wahala ta yi ta, a gidan ɗan da ya fi kowa ƙaunarta, kuma na san da fushi ya rabu da ita.

Bayan an binne ta, autar ta ja shi gefe. Ita kam uwar ba ta ɓoye mata komai, kamar yadda aka saba da auta.

"Yaya, ka taɓa shiga ɗakin Inna da tsakar rana?"

Kafin ya amsa, ta ci gaba:

"Da ta dawo ta ce mini ɗakin nan kamar tanda yake. Na ce zan gaya maka, ta hana ni. Ta ce yaron nan ya yi ɗawainiya, kada a karya masa zuciya."

Da ya koma gida ya jira rana ta take, ya tura ƙofar ɗakin ya shiga. Zafi ya mare shi a fuska. Ga gado mai katifa an gyara shi tsaf kamar ba a taɓa hawa ba, ga tabarma a ƙasa kusa da ƙofa, inda 'yar iska ke shigowa ta ƙarƙashi, ga roba da zane a ciki wanda take jiƙawa ta lulluɓa. Ya ɗaga hannu wajen tagar bututu, bai ji komai ba sai ɗan huci.

Ya ɗauko tsani, ya kunna turaren tsinke, ya hau cikin silin yana rarrafe. Yana bin bututun yana kara turaren a kowace gaɓa. A ta fari hayaƙin ya miƙe sama abinsa, a ta biyu ma haka. Da ya kusa ɗakin tsohuwa sai ya ji sanyi yana dukan gwiwarsa, a wurin da ya kamata ya fi ko'ina zafi. Ya kara turaren, iska ta fizge hayaƙin ta watsar. Tsagar ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba. Dab da ita ɓeraye sun yi sheƙa sun haihu, su ne suka sha sanyin bazarar nan gaba ɗaya.

Ya goge wurin, ya matse gaɓar, ya shafe ta da danƙo, ya naɗe da kyau. Turaren da ke hannunsa bai ma gama ci ba aikin ya ƙare. Ya sauko ya tsaya a tsakiyar ɗakin, sanyi ya zubo masa a ka. Nan ya zauna a kan tabarmar uwarsa ya yi kuka mai zafi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Injin nan shi ne ƙaunar da Ubangiji ya zuba a zuciyarka, kuma ban yi shakkar tana nan ba. Bututun shi ne hanyar da ƙaunar take bi kafin ta kai ga mutum: ziyara, da zama, da tambaya, da sauraro. Tsagar ita ce ƙaramin sakacin da ba ya yin ƙara, ba ya barin shaida. Ɗakin ƙurya kuwa shi ne mutumin nan da ba zai taɓa kawo maka ƙara ba, don kunya, ko don kara, ko don yana ƙaunarka.

Kuskuren maigidan nan shi ne ya auna ƙaunarsa a inda take fitowa, bai auna ta a inda ya kamata ta sauka ba. Mu ma haka muke. Mukan ce, "Ai Allah ya san zuciyata." Ya sani mana! Amma tsohonka da ke ƙauye ba zuciyarka yake gani ba, ƙafarka yake jira. In an ce mana wani yana cikin damuwa sai mu ƙara girman inji: mu aika da buhun hatsi, mu ɗinka zane, mu sa sunansa a addu'ar safiya da babbar murya. Duk suna da kyau. Sai dai in hanyar ta tsage, ɓeraye kake yi wa hidima.

Mu ma a nan ikilisiya muna da ɗakunan ƙurya. Akwai gwauruwar da ke zama a bencin baya, wadda kullum a bakin ƙofa muke ce mata "Yaya gida?" ta ce "Lafiya lau," mu wuce da sauri kada shinkafa ta huce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma ba kowane mai ɗaki ne zai iya faɗa ba. Ladabin da ya tsayar da kai a bakin ƙofa alhali na ciki yana ƙonewa, wannan ba ladabi ba ne. Ka nemi izini ka shiga, a lokacin da rana ta fi zafi. Ka zauna har ka ji abin da yake ji. In ya ce lafiya lau, ka dubi wuyansa, ka dubi inda yake shimfiɗa tabarmarsa.

Ina faɗa muku wannan da nauyin zuciya, domin na san Allah mai gafara ne, kuma na gaskata ya gafarta wa mutumin nan. Amma gafara ba ta mayar da bazarar da ta wuce. Gyaran da ya yi ya yi kyau, bai sake tsagewa ba. Har yau ɗakin nan ya fi kowane ɗaki sanyi a gidan, kuma babu mai kwana a cikinsa.