Jujin Malama Tabawa

An ce wata rana Dagacin Rafin Ɗinya, Alhaji Barau, ya ba da umarni gobe a ƙone jujin da ke bayan makarantar firamare, domin baƙi za su zo daga birni. Jujin nan kuwa shi ne takin lambun Malama Tabawa. In ya ƙone, lambu ya mutu.

Da azahar gwaggonsa Ladingo ta kawo masa tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ci, Barau, in ba ka labari. Ni ba Dagaci na goya ba, kai na goya.

"Sa'ad da aka turo Tabawa koyarwa, bayan makarantar nan faƙo ne, ko akuya ba ta tsayawa. Sai ta yi shela cewa duk Alhamis za ta yi wa mata tatsuniya, amma ba a zama sai da ƙwaryar toka ko kashin awaki na zubawa a juji. Tatsuniya da rana tsaka! Muka ce malamar nan ta zautu, muka je dai don gulma. Ta hango ni na toshe hanci, ta ce, 'Inna, saurari labarin Kaza da Tana.

"'Wata kaza ce mai ji da kanta ta raina Tana, wai mazauniyar ƙazanta. Ta matsa sai da aka kwashe jujin gidansu tas, aka daɓe wurin. Gari ya waye ta fito tono. Ta tona nan daɓe, ta tona can daɓe, har farce ya ƙare. Da yunwa ta ci ta, sai ga ta a jujin maƙwabta inda Tana ta ƙaura, tana rangaɗa sallama. Inna, kazar nan ba ta taɓa tambayar inda abincinta yake fitowa ba.'

"Wallahi kunya ta kama ni, na sauke hannu. Yau ga rama, ga zogale, ga kabewa, ko cokali ɗaya na takin zamani babu. Gidan suna da gidan rasuwa, duk can ake tsinko kayan miya."

Dagaci yana suɗe kwano ya tsaya. Ya ce, "Gwaggo, wannan kuɓewar fa?"

Ta ce cikin gatse, "Daga birni baƙinka suka aiko da ita."

Ya dubi yatsunsa, ya yi dariya har rawani ya goce. Ya ce, "Ashe ni ne kazar. A bar juji, a kewaye shi da zana."

Ranar Alhamis aka ga Dagaci da babbar riga yana turo baro cike da kashin awaki, yana tambaya ko an fara.