Makullan Kwamfutar Sagiru

Ku matso ku ji, sannan ku raba mini gardama.

Kubura ba ta manta ranar da ta fara ganin Sagiru ba. A shagonsa na kasuwar Farm Centre ne, ya cusa kai cikin akwatin kwamfuta, ya ce, "Hajiya, riƙe mini tocilan," ko kallonta bai yi ba. Shekararsu biyu da aure ciwon ƙoda ya ɗauke shi, ya bar ta da ciki.

Kafin ya rasu ya naɗi muryarsa a kwamfutar tebur ta gida, yana yi wa ɗan da ba zai gani ba magana. Mutum ne mai tsantseni. Ya kunna tsaron farkon tashi, ya goge makullan kamfani, wato lambobin sirrin da ke ba manhaja izinin tashi, ya sa nasa, don kada injin ya tashi da manhajar da bai sa wa hannu ba. Bayan sadakar bakwai, wani mai gyara ya mayar da makullan kamfani. Kwamfuta ta ƙi tashi, muryar ta kulle a ciki.

Kwafin makullan Sagiru yana cikin filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, filas ɗin kuma a aljihun rigarsa da aka bayar sadaka. Ƙanen mamacin, Mudi, ya bi sawunta kwana huɗu, har Gezawa, ya same ta a jikin wani ladani.

Wurin saitin injin kuma sai da kalmar sirri. Aminin Sagiru, Isuhu, shi kaɗai ya sani, kuma ya rantse ba zai faɗa ba. Ya karya rantsuwar, ya yi kaffara.

Balaraba, abokiyar sana'ar Sagiru, ita ta iya shigar da makullan, babban makulli a ƙarshe. Tana cikin aikin Mudi ya kai hannu. "Mudi, janye hannunka," in ji ta. "Kuskure ɗaya, mun binne shi sau biyu."

Allo ya haska. Sagiru ya yi gyaran murya ya ce, "Kai na cikin nan, Babanka ne."

Kubura ta yi kuka har ta gaji. Ta san haihuwa na tafe, ba kowa ke tashi daga gare ta ba. Ta ɗaga filas ɗin ta ce, "Na yi alkawari gaban Allah, ɗan nan zai ji ubansa ko ba na raye. Wanda ya fi yi mini ƙoƙari a cikinku, shi zai riƙe wannan."

To, jama'a, a tafin wa za ta sa shi?