Harshen Baffa Tanimu

Ku matso ku raba mini wata gardama, don ni ta ishe ni.

Baffana Tanimu gishiri yake sayarwa a kasuwar Illela, kuma ba ya sayen kantun gishiri sai ya ɗora harshe a kai. Da ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce akwai wasu siraran jijiyoyi da ke kewaye da hanyar jinin ƙoda. In hankali ya tashi sai su matse hanyar, jini ya ragu a ƙodar, ita kuma ta riƙe gishiri ta ƙi zubarwa, ruwa ya taru a jiki, jini ya hau. Baffa ya ce shi bai taɓa ganin jijiyar da ta san ɓacin ransa ba.

Gambo, babban ɗansa, shi ya ɗaure shi a bayan babur ya kai shi asibiti, Baffa yana zagi. Shi ke karɓo maganin da ke kwantar da jijiyoyin, ya tsaya a kansa har ya haɗiye, don Baffa kan ɓoye ƙwayar a kunci ya tofar.

Sallau, ƙanen Gambo, ya karɓe ɗanɗanon kantu a kasuwa. Duk kayan da aka sauke shi ke lasa, har leɓensa ya tsage. In Baffa ya miƙa hannu sai ya janye kantun.

Ƙanwarsu Larai kuwa zaure ta tsare. Mai rigimar gona, mai labarin rasuwa, duk ta mayar da su. Baffa ya yi ta mita wai an mai da shi jariri. Ta ce, "Baba, yi fushi da ni a hankali, ƙodarka na ji."

Da haka ya ga damina bayan damina, har ya riƙe jikarsa ranar suna. Sannan ya tafi, a hankali kamar yadda inuwa ke barin bango.

Kafin ya cika ya ce, "Rigata ta saƙi, a ba wanda ya riƙe ni." Bai faɗi suna ba. Halinsa ke nan.

Yanzu an watse zaman makoki, su ukun ba sa ga maciji. Gambo ya ce ba don magani ba da tuni an binne shi. Sallau ya ce magani ba ya aiki a bakin da ke lasar gishiri. Larai ta ce da mugun labari ɗaya ya wuce zaure, da duk wahalarsu ta tashi a banza.

Rigar tana rataye a ƙusa, har yau da ƙamshinsa. To, ku faɗa mini, wa zai sauke ta?